Tambayi Likita: Ƙanina ya yi jijjiga bayan allurar kashe hannu

Tambaya: Salam Likita, dan Allah a taimaka min. Ƙanina ne ya faɗi a mashin hannunsa ya karye, da za a yi masa aiki ba a sa shi barci ba, allura aka yi masa a hammata wai hannun ya mutu, can sai ya ce kunnensa na ƙara bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe, kafin kace me ya fara jijjiga, aka sa masa wani ruwa fari kamar madara. Ya warke alhamdulillah amma a gida wasu na cewa iska ce wasu farfaɗiya. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, sannu da jinya. Yadda kika bada labarin nan ba iska ba ce, maganin ne ya shiga jini. Magungunan kashe hannun, su lidoken da bufibaken, a gefen jijiyar da ke kai saƙon zafi ake son su tsaya, toh a hammata jijiyoyin nan maƙale suke da manyan hanyoyin jini, in maganin ya zurara ciki da yawa sai ya tafi ƙwaƙwalwa da zuciya, shi yasa likitan sa barci ke ja da sirinji baya ya duba ko akwai jini, ya tura kaɗan kaɗan, in akwai na'urar sikanin ma ya duba da ita. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma ko ƙwararre yana iya gamuwa da shi.

Ana ganin alamun nan ake tsayar da allurar, a bada oksijin, a yi allurar tsayar da jijjiga, sannan farin ruwan nan, Intralipid mai kashi 20 cikin ɗari. Ruwan mai ne, asalinsa ma na ciyar da marar lafiya ta jijiyar jini ne, sai a 1998 Dakta Guy Weinberg na Amurka ya gwada shi a kan beraye, a 2006 aka fara bada rahoton ya ceci mutum. Mil 1.5 ake fara badawa kan kowane kilo na nauyin mutum, mai kilo 70 kusan mil 100 kenan, sai a ci gaba da ƙarin ruwansa. Gaskiya kun yi sa'a, ba kowane asibiti ke ajiye shi ba, a ganina kuma bai kamata a yi allurar nan inda babu shi ba.

Indai bai taɓa jijjiga a baya ba, kar a ɗora shi kan maganin farfaɗiya saboda wannan. Ku koma a rubuta muku sunan maganin da yawan da aka yi masa, ya riƙa nunawa duk sanda za a yi masa aiki, ko cire haƙori ne.