Kun Tambaya Mun Amsa: Shalkwaftar yaƙi ta sojan sama ce ko ta sojan ƙasa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru da yawa, kuma abin mamaki huɗu daga ciki duk akan abu ɗaya suke, wato jirgin yaƙi mai saukar ungulu, shalkwafta inji mutanen mu. To na haɗa su wuri ɗaya, masu tambayar kuɗin haya da gosulon gadar Third Mainland ku yi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tela ne a Agege, kasan mu nan kusa muke da Ikeja kullum jirage na wucewa ta kanmu. Musu ne ya kaure tsakanina da wani dattijo tsohon soja a teburin mai shayi, ni nace duk abin da ya tashi sama na sojan sama ne, shi kuma yace a'a a Amurka ma sojan ƙasa ne ke da Apache. Wanda ya faɗi shi zai sayi shayi da burodi da ƙwai. Dan Allah a raba mu.

AMSA: Maigida tela, caca dai babu kyau, amma in kyauta ce za ka yi wa baba to ka fara lissafin ƙwai nawa, don ya fi ka gaskiya. Apache, wato AH-64, na sojan ƙasan Amurka ne tun da ya fara aiki a 1986, sojan samansu basa tuƙa shi. Kuma ba haka kawai abin ya faru ba, rigima ce aka sha. A 1947 aka ɓalle sojan sama daga cikin sojan ƙasa suka zama rundunar kansu, sai aka yi ta ja-in-ja kan wa zai riƙe wane jirgi, har a 1966 manyan hafsoshin ɓangarorin biyu suka yi yarjejeniya, sojan ƙasa suka miƙa manyan jiragensu na dako masu fukafukai, su kuma aka sakar musu mara akan shalkwafta. Shekara ɗaya bayan nan, 1967, Cobra, jirgin kai hari mai saukar ungulu na sojan ƙasan Amurka, ya shiga yaƙin Biyetnam. Su kuma sojojin kundumbala na ruwa suna da nasu daban, AH-1Z Viper, wanda ake iya ajiyewa akan jirgin ruwa.

Amma kar ka ji kunya sosai, a nan gida maganarka tana da ƙamshin gaskiya. Duk manyan shalkwaftocin kai hari na Najeriya a hannun sojan sama suke, Mi-24 da Mi-35 na Rasha, AW109 na Italiya masu ɗauke da makami, da T129 ATAK guda shida da aka saya daga Turkiyya, biyun farko na T129 ɗin an ƙaddamar da su a Makurɗi a watan Fabrairun 2024. Rasha ma haka ta yi, a farkon shekarun 2000 ta kwashe shalkwaftocin sojan ƙasa ta maida su ƙarƙashin sojan sama. Indiya kuwa raba gardama ta yi, sojan sama suka samu Apache 22, sojan ƙasa suka matsa sai da aka yo musu odar nasu guda 6.

Kuma ba duk wanda ka gani a saman Legas bane na sojan sama. In ka taɓa zuwa Alaba Rago ka ga wata tana shawagi ta ɓangaren Ojo, sau da yawa ta sojan ruwa ce, don suna da sansanin jiragensu a can. Aikinsu sintiri ne akan teku da ceto da bin ɓarayin ɗanyen mai da 'yan fashin teku, ba farfasa tankar yaƙi ba. Sojan ƙasa ma sun fara nasu, a watan Yunin 2024 suka karɓi Bell UH-1H guda biyu, amma waɗannan na jigila ne da kwashe waɗanda suka ji rauni.

To me yasa kowa ke son ya riƙe nasa? Ka ɗauka kurtu ne da abokansa an yi musu kwanton ɓauna a daji, kwamandansu ya ɗau oba-oba ya kira hedikwatarsa, hedikwata ta tura wa ɓangaren sojan sama, su kuma su duba akwai jirgi a shirye, akwai mai, yanayi ya bada dama, sannan a tashi, kafin nan wallahi mai afkuwa ta afku. Hujjar sojan ƙasa kenan, a bar mana namu a kusa, matuƙin ya zama wanda muke cin abinci kwano ɗaya da shi, ya san yadda muke magana. Su kuma sojan sama sai su ce jiragen ba yawa gare su ba, in aka rarraba su kowace runduna ta ƙanƙame nata, sai ka ga ana wuta a Zamfara jirgi na zaune a Borno ba ya komai, ga kuma kuɗin horo da garejin gyara sau biyu. Ni dai a ganina duk biyun suna da gaskiya, sai dai mallakar jirgi ba ita ce iya aiki da shi ba. Mu tuna Tudun Biri a jihar Kaduna, Disambar 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ne ya saki bam kan masu Mauludi, hukumomi suka ce aƙalla mutum 85 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Kafin nan a Rann ta jihar Borno, Janairun 2017, na sojan sama ne ya afka wa sansanin 'yan gudun hijira. Kaga kenan matsalar ba launin kaki bace, tantance abin da za a harba ne, da kuma wa ke da ikon cewa a dakata.

TAMBAYA: Oga ni bakanike ne, ina zaune Idi-Araba ina shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo sayen kaya. Naji ance jiragen Viper 12 da Amurka za ta sayar mana kusan dala biliyan ɗaya, kuma wani yace min tun zamanin Biyetnam ake yin jirgin. Anya ba gwanjo aka fente mana ba? Kuma wai meye zamanantar da jirgi da ake ta faɗa?

AMSA: Oga bakanike, ai kai ka fi kowa saurin gane wannan. Hilux ta 1980 da Hilux ta bana sunansu ɗaya, amma ko kusa ɗaya ba za ka cire daga waccan ka ɗaura a wannan ba. Haka Cobra na 1967 da Viper suke, kaka ne da jika. Na farkon injinsa ɗaya, farfelarsa ta sama reshe biyu, shi kuwa Viper inji biyu ne, reshe huɗu, gaban matuƙi duk allon kwamfuta ne maimakon agogunan allura. Kuma sababbi za a ƙera, a watan Maris na 2024 aka ba kamfanin Bell kwangilar dala miliyan 455. Waccan dala miliyan 997 da Amurka ta amince da ita a Afrilun 2022, bayan 'yan majalisarsu sun riƙe cinikin a 2021 saboda batun take haƙƙin ɗan Adam, ta haɗa komai da komai ne, injina 28 wato 24 a jiki 4 ajiya, na'urorin ganin dare, horon matuƙa da kanikawa, kayan gyara, da wasu 'yan na'urori 2,000 da zan yi maka bayani yanzu.

Roka ta gama-gari mai kaurin milimita 70 bata da ido, saiti kawai ake a saki da yawa, wasu su samu wasu su faɗa gonar bawan Allah. To wannan na'urar, APKWS sunanta, kwance kan rokar ake yi a ɗaura ta tsakanin kai da jiki kamar yadda kake ɗaura fulogi, shikenan ta zama mai bin hasken leza. Jirgin ko sojan da ke ƙasa zai haska ɗigon leza akan mota ɗaya cikin ayari, rokar ta bi ɗigon. Ga araha in ka kwatanta da makami mai linzami irin Hellfire, wanda don tankar yaƙi aka yi shi, asara ce a kashe shi akan babur biyu.

Zamanantarwa kenan, yawancinta ba a gani daga waje. Gangar jikin na iya shekara talatin ko arba'in in ana yi masa garambawul akan lokaci, abin da ke tsufa da sauri ido ne da kunne da ƙwaƙwalwa. Kalli Apache, daga na farko aka koma samfurin D a ƙarshen shekarun 1990, aka ɗora masa rada kamar tulu a saman farfela, ya laɓe bayan tudu tulun kawai ya leƙo ya ƙirga motocin abokan gaba. Yanzu ana kan samfurin E, wanda matuƙi na zaune zai karɓi hoton da jirgi marar matuƙi ke ɗauka a gaba, har ya iya sarrafa shi. Bindigarsa mai milimita 30 kuwa a haɗe take da hular kwanon maharbi, ya juya kai hagu bindigar ta juya hagu, inda ya kalla nan ta kalla. Da dare kyamarar zafin jiki ke aiki, mutum da injin babur da ya gama gudu sai su fito fes a allo, amma fa bata faɗa maka wannan manomi ne ko ɗan bindiga, wannan aikin mutum ne.

Sai abin da ya fi damuna, kuma sana'arka ce, kayan gyara. Jirgi ba danfo bane da za ka leƙa Ladipo ka samo na Beljiyam ka ɗaura, kowane ƙarfe yana da awanninsa, in sun cika dole a cire ko da yana sheƙi. Tunda yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 aka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi, duk masu amfani da Mi-24 da Mi-35 suka shiga wahalar samun kaya da biyan kuɗi. T129 na Turkiyya ne amma asalinsa jirgin Mangusta na Italiya ne, injinsa kuma na haɗin gwiwar kamfanonin Amurka da Ingila ne, sai Amurka ta sa hannu ake fitar da shi, shi ya sa cinikin guda 30 da Pakistan ta ƙulla a 2018 ya maƙale. Yanzu ka duba garejinmu, na Rasha, na Italiya, na Turkiyya, ga na Amurka na tafe, kowanne da sifanarsa da littafinsa da makarantar kanikawansa. Amfaninsa shine mutum ɗaya ba zai shaƙe mu ba, amma tsadarsa ba a magana. Su kundumbalan Amurka akasin haka suka yi, Viper da ɗan'uwansa na jigila UH-1Y kusan kashi 85 cikin ɗari na kayansu iri ɗaya ne, inji ɗaya, farfela ɗaya, bakanike ɗaya ya gyara duka biyun. Ni da za a tambaye ni, da adadin da ke iya tashi yau da safe zan auna ƙarfin runduna, ba adadin da aka yanka wa zare ranar biki ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a jami'ar LASU, Ojo. Ina ganin bidiyon yaƙin Yukren ƙananan jirage marasa matuƙi na ta ɓarna. Shin zamanin shalkwafta bai wuce ba kuwa, ba asarar kuɗi muke ba?

AMSA: Malama ƙanwata, tambayarki su kansu manyan janar-janar basu gama amsa ta ba. Amurka ta soke shirinta na sabuwar shalkwaftar leƙen asiri da kai hari a Fabrairun 2024, ta kuma faɗa ƙarara darasin Yukren ne, kamar yadda ta soke shalkwaftar Comanche a 2004 bayan ta narka kusan dala biliyan 7. Japan tun Disambar 2022 ta ce za ta ajiye shalkwaftocinta na yaƙi ta koma marasa matuƙi. Amma a 2024 ɗin dai Folan, wadda ke maƙwabtaka da Yukren tana kallon komai da idonta, ta sa hannu kan sayen Apache har 96. To wa za ki ce bai san abin da yake ba?

Abin da ya tabbata shine shalkwafta bata son shiga tsakiyar wuta. Tun a Karbala ta Iraƙi, Maris 2003, Apache kusan talatin suka kutsa da dare, aka yi musu ruwan harsashi daga saman gidaje, ɗaya ya faɗo kusan duk sauran suka koma da huji. Rasha ma ta yi asarar shalkwaftocinta na yaƙi Ka-52 da dama a farkon yaƙin, sai ta canza salo, su tsaya can nesa ƙasa-ƙasa su harbo makami mai linzami, kuma haka suka wahalar da tankokin Yukren a 2023. Mu namu yaƙin daban ne, 'yan bindiga da Boko Haram basu da irin garkuwar sama ta ƙasashe, duk da suna da manyan bindigogi akan a-kori-kura, kuma a Yulin 2021 'yan bindiga sun kakkaɓo jirgin yaƙi Alpha Jet a Zamfara, matuƙin ya diro da lema ya tsira. Marar matuƙi ya fi juriyar shawagi da araha, amma shalkwafta tana ɗaukar makami da yawa, tana raka ayari, tana tashi daga fili ba sai da titin jirgi ba, Mi-35 ma har soja takwas yake ɗauka a cikinsa. Tare za su yi aiki, ɗaya ya gano ɗaya ya buga.

TAMBAYA: Daga mai albasa a Mile 12. Wai an taɓa amfani da jirgin yaƙi a nan Legas kuwa?

AMSA: Alhaji an taɓa mana, kuma a bayan gidanka ma. A 2016 masu fasa bututun mai sun addabi Arepo da Ishawo da fadamun Ikorodu, kwale-kwale kawai ke shiga wurin, sai aka haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama, jirage suka yi luguden wuta a maɓoyarsu na ƙasa suka tare hanyoyi. Sunan farmakin ma da Hausa aka raɗa, Operation Awatse, wato a watse. Ka gaida 'yan layin tumatir.