Kafin kawunka ya sa hannu, ka shiga ƙarƙashin motar

Ka ce kawunka ma'aikaci ne a Samaru, da mata da yara biyar, yana son motar iyali amma kuɗinsa ba su kai ba, an ba shi shawarar ya karɓa ta banki ya riƙa biya duk wata, shi ne ya ce ka raka shi tunda kana gareji. To ajiye sifanar nan ka saurara, yaro.

Motar bashi ba ta san uzuri ba. Wanda ya sayi mota da kuɗinsa, in giya ta lalace sai ya jingine ta a ƙofar gida har ya samu hali. Wanda ya karɓa ta banki kuwa, ko tana tafiya ko tana kan duwatsu, ranar albashi za a cire nasu. Saboda haka aikinka ya zo kafin alƙalami, ba bayansa ba.

Ku fara da lissafi. Mu ƙaddara motar naira miliyan 12 ce, misali kawai nake ba ka. Ya ba da kafin alƙalami na kashi 30, wato miliyan 3.6, saura miliyan 8.4. A ce banki ya ɗora ribar miliyan 4.2 a kan shekara uku, ya zama miliyan 12.6, a raba wata 36: naira 350,000 ke nan duk wata. Bankuna kan so abin da za a cire kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, ka ga sai mai ɗaukar sama da miliyan ɗaya a wata. Ba a nan ta tsaya ba. Banki ba zai yarda da inshorar naira 15,000 da ake yanka don a nuna a hanya ba, cikakkiya zai nema ko takaful, wato inshorar Musulunci, kuma tun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 na darajar mota. Wato 600,000 a shekara, 50,000 a wata. Ba a sa mai ba tukuna, ba a yi juyen baƙin mai ba.

Sai ya tambaya wace irin yarjejeniya ce, don ba ɗaya ba ne. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo a 2019, suna da murabaha: su sayi motar, su sayar masa da ribar da aka faɗa tun farko, farashin ba ya motsi har a gama. Akwai kuma ijara, inda motar ta banki ce, shi haya yake biya, sai a ƙarshe ta koma hannunsa. A asalin ijara babbar hasara tana kan mai kaya, juye da taya da birki suna kan mai haya. Amma abin da takarda ta ce shi ne ke aiki, don haka ya nemi a nuna masa layin da ya faɗi wanda zai biya in injin ya buga. A bankin ruwa kuma ya tambaya ko ruwan tsayayye ne ko yana hawa in Babban Banki ya ƙara nasa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne biya-ka-mallaka na wajen dillali ko wani mai kuɗi: motar ta mai sayarwar ce har biyan ƙarshe, in aka yi latti ya aiko a ɗauke ta. In da ƙungiyar adashen ma'aikata a wurin aikinsa, ya fara leƙa can, sau da yawa ta fi sauƙi.

Sabuwa dal ko 'yar Kwatano? In sabuwa ce fil, kamar Peugeot 301 da ake haɗawa a Kaduna, tana da garanti, kuma kai kada ka taɓa ta. Ko juyen baƙin mai ka yi mata a nan, kamfani na iya cewa garanti ya faɗi. Galibin mutanenmu dai ta hannu suke iya kaiwa, kuma bankuna kan sa iyakar shekarun motar da za su biya wa, da dillalan da suke hulɗa da su. Ya san wannan kafin ku ɓata kwana uku kuna yawo.

Mutum bakwai ba sa shiga Corolla, kujera biyar ce. Cusa yara huɗu a baya da buhun masara a but shi ke kashe shokazoba ya cinye taya ta ciki. Sienna ce ta dace da yawansu, mai kujera bakwai ko takwas, amma tana shan mai. Zariya zuwa Kaduna da dawowa kusan kilomita 160 ne: Corolla za ta yi shi da lita 12 ko 13, Sienna sai ta nemi kusan 18 zuwa 20. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan bambancin ba abin wasa ba ne. Ga Sienna da tsawo, cikinta kusa da ƙasa, lungunan cikin Birni da kwatocin Tudun Wada da damina ba sa yi mata daɗi. Ya auna ƙofar gidansa ma.

A Sienna ɗin akwai abin lura. Ta 2004 zuwa 2006 injin 3.3 gare ta, da bel take tafiya, ana canja shi wajen mil 90,000. In babu shaidar an canja, ka sa kuɗinsa cikin ciniki, har da famfon ruwa. Daga 2007 injin 3.5 ne mai sarƙa, amma na farko-farkon suna da bututun baƙin mai da wani sashensa roba ne, yakan fashe ya zubar da man cikin mintuna. Ka duba ko an sauya shi da na ƙarfe zalla. Mai jan ƙafa huɗu kuwa ba ta zuwa da safaya, ka ba shi shawarar mai jan gaba. Ƙofar gefe mai buɗe kanta ka buɗe ka rufe sau biyar kowane ɓangare, wayarta kan tsinke. In idonsa ya faɗa kan Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4, ka sani an san ta da shan baƙin mai saboda ringin fistin.

Ku je da sassafe, ka dafa injin da hannu. In da ɗumi, an riga ku tayarwa don a ɓoye ƙarar farko. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar injin da ta jakar iska da ta birkin ABS duk su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe. Jona sikana, kuma kada ka tsaya a "babu matsala". In gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta ba su kammala ba, jiya-jiya aka goge laifin. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ko kumfa a bakin lagireto, ko murfin mai da ya yi kamar madara, gasket ne. Fanka da ke juyawa tun injin na sanyi alama ce an haɗa ta kai-tsaye, wataƙila an zare tamostat ma, don a rufe tafasa.

Ɗaga kafet ka shinshina, ka haska layin kujeru. Tsatsa da busasshen taɓo a nan na nufin motar ta sha ambaliya a Amurka, kuma wayarinta ba zai bar mai ita ya huta ba. Bi ƙarfen jikinta da maganaɗisu, inda bai kama ba boti ne a ƙarƙashin fenti. Sannan ka kwanta ƙasa: ƙashin gaba ko an yi walda, yoyon mai, da tukunyar salansa ko an kwashe abin tace hayaƙin da muke kira indomi. Taya tana da lamba huɗu a gefe, 2319 na nufin sati na 23 a 2019.

Lambar shasi jerin haruffa da lambobi 17 ce. Ta gilashin gaba, ta jikin ƙofa, da ta takardar kwastan su zama iri ɗaya. Ta goma a jerin ita ke faɗin shekara: 7 ita ce 2007, A 2010, B 2011, C 2012. Da ita ake kama wadda aka canja wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Awon tafiyar motar Amurka da mil yake, ka ninka da 1.6.

Tuƙi a cikin Sabon Gari ba gwaji ba ne. Ku fita ta Kwangila ku miƙe hanyar Shika, a.c. a kunne, ku kai gudun 100. Giya ta shiga ba fizga ba jinkiri, sitiyari kada ya yi rawa in ka taka birki, allurar zafi ta tsaya a tsakiya. Ka zare sandar man giya in tana da ita, wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna ka bar musu motarsu.

Ya kuma ware kuɗin gyaran farko, kada ya zuba komai a kafin alƙalami. Ranar da ta zo hannu za mu juye baƙin mai da matata, Sienna 3.5 lita shida da ɗan ɗoriya take sha, lambar da ke kan murfi za mu bi. Man giyarta WS ne, ta 2004 zuwa 2006 kuma T-IV, ba a haɗa su. A zuba ruwan lagireto na gaskiya maimakon na rijiya, a sa sabuwar matatar iska saboda ƙurar hunturu. Ka gaya wa dillalin tun kafin a yi maganar la'ada cewa za a kawo ta nan a ɗora a rami na awa biyu. In ya ƙi, ku wuce wajen na gaba.