Ku Tambayi Anti: "Me ya sa nake ci ba na ƙoshi?"

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Tudun Wadan Kaduna, shekaruna 34, 'ya'yana uku. Tun da ɗinkin biki ya yi mini yawa nake kai ƙarfe ɗayan dare a kan keke, da asuba kuma in tashi shirya yara makaranta. Da safe shayi da burodi ne karin kumallona, amma kafin ƙarfe sha ɗaya cikina ya fara ƙugi kamar ban sa masa komai ba. Da dare ko na ci tuwo sai na ƙara da Indomie. Maigida ya ce zarin ci ne, uwar mijina ta ce tsutsar ciki ce, na sha maganinta ban ga canji ba. Yanzu kayana sun fara matse ni.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kalmar zarin ci ɗin nan ta taɓa ni, domin na ga mata da yawa da aka jefa da ita har suka koma cin abinci a ɓoye a kicin. Yunwa saƙo ce tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa, kuma a wasiƙarki na ga abubuwa biyu da ke dagula wannan saƙo.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, likitoci na kiransa haifotalamas. Shi ke karɓar rahoto ya yanke hukuncin a ci ko a dakata. Idan tumbi ya zama wayam sai ya saki sinadarin girelin cikin jini, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999. Shi ne mai buga ƙararrawar yunwa, kuma ya san agogonki. Tuna farkon azumi: kwana biyu ukun farko da azahar yunwa kamar ta kayar da mutum, saboda jiki ya saba ganin abinci a lokacin, daga baya sai abin ya lafa.

Ɗaya rahoton daga kitsen jiki yake zuwa. Sunan sinadarin leftin, Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano shi a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Aikinsa ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a rumbu. A 1997 likitoci a Ingila sun gano wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya da jikinsu ba ya samar da shi yadda ya kamata. Kullum cikin neman abinci suke, ƙiba ta yi musu yawa tun suna ƙanana. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, cin ya ragu, nauyin ya sauka. Wa zai kalli yaran nan ya ce rashin tarbiyya ne?

To, ga inda kekenki ya shigo. Daga ɗayan dare zuwa asuba barcin awa huɗu ne. A 2004 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago da samari 12 masu lafiya, aka taƙaita musu barci zuwa awa huɗu na dare biyu kacal. Leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da suka fi marmari shi ne kayan zaƙi da abinci mai sitaci. Ke kin yi makonni a haka. Indomin daren nan rashin barci ne ke kiranta. Na san kuɗin ɗinki ne ke riƙe da gida, ba zan ce ki ƙi aiki ba, amma ki daina karɓar abin da ya fi ƙarfin yininki, ki rufe keken ƙarfe sha ɗaya, ko da za ki ƙara awa guda bayan yara sun tafi makaranta.

Na biyu shi ne karin kumallo. Farin burodi da shayi mai suga ba sa daɗewa a ciki. Hanji kan saki nasa sinadaran ƙoshi idan abinci ya iso shi, ciki har da GLP-1, wanda allurar ciwon suga mai suna Ozempic ke kwaikwayon aikinsa, kuma abinci mai gina jiki da mai dusa sun fi riƙe ciki. Ba sai kin je nesa ba: ƙosai da koko mara suga da yawa, alale, ɗanwake da dafaffen ƙwai, wake da shinkafa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, faten acca da ganye. Lemon kwalba kuwa yana shiga da sugansa ya wuce ba tare da ya ƙosar ba.

Sannan ki sauka daga kan keke in za ki ci. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya kammala isa ƙwaƙwalwa. Wadda ke loma da hannu ɗaya tana jan yadi da ɗayan takan share kwano kafin labari ya iso.

Abu guda nake so kada ki yi wasa da shi. Yawan ci tare da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsarin dare alama ce ta ciwon suga. Idan kina da su, ko akwai mai ciwon a danginku, ki je asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke nan unguwarku ko Barau Dikko a auna sugan jininki da safe kafin ki ci komai. Ki tafi da duk maganin da kike sha, domin wasu, kamar firedinisolon da desametason da magungunan ƙiba da mata ke saya a kemis, suna buɗe ciki sosai. Idan kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ki faɗa wa likita, ita ma takan ƙara wa wasu mata nauyi.

Ki gwada gyaran barcin da karin kumallon na mako uku, ki sake rubuto mini yadda ƙarfe sha ɗayan safiyarki ta koma. Ki kuma ba maigida shafin nan ya karanta. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a sana'a.