Ruwa na taruwa a but ɗin motata, an ce in bari a huda ƙasan

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Honda Accord ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD, bara na saye ta a hannun wani. Tun da damina ta kankama, duk ruwan da aka yi sai in tarar da shi kwance a ramin safaya, har jak ɗina ya fara tsatsa. Makon jiya buhun garin masara da na ɗauko daga ƙauye ya jiƙe ta ƙasa. Motar ta ɗauki warin fumfuna, uwargida ta ce shi ke sa yara tari. Na kai wa wani mai gyara ya shafe robar murfin but ɗin da silikon, babu abin da ya sauya. Yanzu ya ce in kawo ya huda ƙasan da ƙusa wuri biyu ko uku, ruwan ya riƙa zuba da kansa. Hankalina bai kwanta ba. Ko dai motar da ambaliya ta ci aka sayar mini? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka kan batun ambaliya. Motar da ta nutse takan bar alamu: za ka ga busasshen taɓo a ƙarƙashin kujeru, tsatsa a kan ƙarfen da kujerar gaba ke tafiya a kai, in ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga shatin ruwa. Idan ramin safaya kaɗai ke cika, kuma sai an yi ruwan sama ko an wanke mota, to yoyo ne kawai. Ramin nan shi ne wuri mafi zurfi a bayan mota, ruwa ko daga ina ya shigo can zai gangara ya kwanta. Don haka inda ka gan shi ba nan ne ƙofarsa ba.

Amma maganar ƙusa, don Allah kada ka yarda. Ka ma daina kai wa wannan mutumin motarka.

Kusan kullum a damina sai an kawo mini mota da irin wannan aika-aika, mai ita yana murna wai an yi masa dabara mai arha. In ka leƙa ƙasa sai ka ga huji uku ko huɗu, bakinsu ya yi ja da tsatsa. Wasu ma ba sa wahalar hudawa, sai su ciro robobin toshi da kamfani ya saka a ƙasan ramin su jefar. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake faɗin abin da ƙarfin gwiwa, kamar wani ilimi ne aka gada.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a bayan mota idan tana gudu. Iskar da ta ratsa ta kan rufi da gefe ba ta wucewa kai tsaye, tana yin juyi a bayan but, shi ya sa a lokacin hunturu bayan motarka ya fi ko'ina ɗaukar ƙura. A cikin wannan juyin bakin salansa yake fitar da hayaƙinsa. Duk wata kafa da ke buɗe a ƙasan but ko bayansa tana iya zuƙo wannan hayaƙi ciki, musamman in ka ɗan sauke gilashin gaba, ko kuma tukunyar salansar ta tsufa ta fara hujewa a daidai ƙarƙashin wurin. Tsakanin but da kujerar baya kuwa babu wani shamaki na kirki, soso ne da kafet da ramukan sifika. Su wa ke zaune a wurin? Yaranka.

A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai wadda muke jin labarin ta hallaka iyali guda a ɗaki saboda an kwana da janareta a kusa. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sama da sau 200. Alamarta ta farko ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. Ka taso daga Zariya zuwa Kano, gilashi a rufe, esi a kunne, yara su yi lamo a baya, ka ce gajiyar hanya ce. Ku isa gida a ce zazzaɓin cizon sauro ne a ba su magani. Direba kuwa in barcin ya fizge shi a kan titi, ba sai na ƙarasa ba. Wanda ya huda maka yana can garejinsa ya karɓi kuɗinsa, ba zai taɓa sanin abin da ya jawo ba.

Ban ma yi maganar abin da ƙusar za ta iya samu ba. Akwai tsofaffin motocin da tankin mai yana ƙarƙashin but, akwai wayoyi, akwai tiyon mai. Kuma hujin da ruwa ke fita ta nan yake shiga: ka faɗa kududdufi ɗaya a unguwa, taɓo ya feso ciki. Ƙarfen da aka huda ba fenti, tsatsa za ta riƙa cin bakin hujin da ƙusa ta yi yana ƙara faɗi. Robobin toshin nan na kamfani amfaninsu ka cire ka zubar da ruwa ka mayar a take, ba a bar su a buɗe ba.

Silikon ɗin da aka shafa maka ma kuskure ne, ko da yake bai kai wancan ba. Irin na magina mai warin tsami yana sa ƙarfe tsatsa, fenti ba ya kama shi, in aka shafa a kan roba kuma sai ya hana ta kwanciya daidai. A kankare shi tas.

Yanzu ga yadda ake neman yoyo, kuma kai da ƙaninka za ku iya a ƙofar gida. Ka fitar da komai: safaya, jak, kafet, har da murafun gefe da ke rufe bayan fitilu. Ka goge ruwan, ka bar but a buɗe cikin rana ya bushe sarai. Kafin ka zuba ko ɗigon ruwa, ka haska tocila ka duba. Ƙurar hunturu tana taimakonmu a nan, domin ruwa in ya bi ta kanta sai ya bar layi kamar sawun katantanwa, ka bi layin zuwa sama. In an riga an wanke, barbaɗa hodar jarirai a jikin ƙarfen. Ka kuma tuna irin ruwan da ka kwashe: in garau ne daga sama ya zo, in da laka a ciki daga wajen taya ko bayan bamba ya feso.

Sai ka kwantar da kujerar baya, ka kwanta ka leƙa ciki da tocila, murfi a rufe. Kada a rufe mutum a cikin but, kuma inji a kashe. Na waje ya riƙa zuba ruwa da tiyo ko buta, a hankali, ba da injin wankin mota ba. Daga ƙasa ake farawa a hau sama, kowane wuri a ba shi kamar minti 5. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa ko'ina lokaci guda, ya ɓata aikin.

A motoci masu shekarun taka, abin da na fi kamawa shi ne fitilar baya. Tsakaninta da bodi akwai wani siririn soso, zafin Maris da Afrilu na shekara da shekaru ya busar da shi ya koma kamar biskit. Noti kaɗan ne ke riƙe da fitilar, sifana lamba 8 ko 10 ta ishe ka. A sa sabon soso, in ba a samu ba a zagaye da baƙin gam mai danƙo irin wanda ake haɗa fitilar gaba da shi, wanda ba ya bushewa ya yi tauri. Kada a ɗaure notin da ƙarfin tsiya, robar fitilar fashewa take.

Na biyu, akwai wasu ƙananan tagogi na roba a ɓoye a bayan bamba, ta gefe, masu harshe da ke buɗewa waje kawai. Su ke fitar da iska in ka rufe ƙofa ko ka kunna fanka. In harshen ya lanƙwashe ko bakin ya saki, ruwan taya na shiga. Canza su ake yi, ba liƙewa ba.

Na uku, kwatar da ke zagaye bakin but, musamman saman kusurwa kusa da hinjin murfi, inda ƙarfe biyu suka haɗu. Gam ɗin kamfani yana tsagewa siriri kamar gashi. A nan ake kankarewa da samfefa har ƙarfe ya fito fari, a shafa fentin hana tsatsa, a bi da gam irin na liƙa gilashin mota, sannan fenti. Da yawa daga motocin da ake shigo da su daga Amurka an taɓa dukansu ta baya aka gyara, to ka gwada manna maganaɗisu a wajen: inda ya ƙi kamawa, fila ce aka lafta, wato kwaɓin da masu gyaran bodi ke cike inda ya lotsa da shi, kuma ruwa kan bi ta ƙarƙashinta.

Robar murfin da kowa ke fara zargi sau da yawa ba ta da laifi. Gwada ta da takarda: saka, rufe murfi, ja. Inda ta zare ba tare da turjiya ba, nan robar ta mutu ko murfin ya goce. In motarka mai tagar rufi ce, tana da tiyon zubar da ruwa da ke bi ta baya, yakan toshe ko ya zare. Ka duba kuma hujin da masu saka kyamarar ribas ko lambar mota suka yi suka bari ba toshi.

Kafet ɗin da sosonsa ka wanke ka shanya kwana biyu ko uku, in warin bai tafi ba ka jefar da soson, shi ke riƙe fumfunar. In kuma kafin wannan amsa ta iso gare ka an riga an huda, kada ka ɗauki yara a baya sai an toshe hujin da robar toshi daidai girmansa ko an yi masa walda an yi fenti, sannan a ɗaga motar a bi salansa tun daga inji har baki a tabbatar ba ta fitar da hayaƙi ta gefe.