Macijin da ke hoton ɗana, tsafin kuɗi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗalibin tarihi ne. Na ga hoton wurin bautar Rumawa manne a littafinsa, ga wani ƙaton maciji a ƙasa. Maƙwabciyata ta ce aljanin kuɗi ne da suke yanka wa mutum, wai in nemi mai warwarewa. Barci ya ƙaurace mini. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan shi ake kira lararium, wato wurin bautar cikin gida na Rumawa, kuma da alama na Gidan Vettii ne a Pompeii, garin da tokar dutsen Vesuvius ta binne a shekarar 79 Miladiyya. A tsakiya ga Genius, ruhin maigida, kansa lulluɓe da mayafi. Hagu da dama Lares ne, masu tsaron gida, suna rawa. Macijin alamar tsaro da yalwa ce a wurinsu.

Bauta ce ta gumaka, babu musu. Amma wannan maganar yanka mutum ta ishe ni, kullum sai an kawo mini ita. Me ake ajiye musu? Turare, 'yar giya, hatsi, waina da zuma, sai ɗan abincin da aka ɗiba aka jefa a wuta. Ranar farkon wata a rataya musu furanni. Da yawa ma a madafa aka zana su, dab da murhu, inda bayi ke girki. Yaro in ya balaga, a wurin bautar yake ajiye layar wuyansa ta ƙuruciya. Hadaya da mutum kuwa, majalisar dattawan Rum ta haramta ta tun 97 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da Sarkin Rum Theodosius ya hana bautar cikin gida a 392, wuta da giya da turare dokarsa ta ambata ga waɗannan allolin.

To ina aljanin kuɗi ya fito? Daga bakin masu neman na aljihunki. Yau a ce kawo rago, gobe a ce ɗanki ya shiga ƙungiya, jibi unguwa ta ɗauka, yaro ya kasa ɗaga kai a masallaci. Wannan ƙazafi ne, Hajiya, kuma a kan hoton takarda. Kada ki ba kowa ko sisi. Da yamma ki kira shi ya buɗe littafin, ya nuna miki su waye masu rawar nan.