Ƙaramar amfilifaya za ta iya da ganga a wurin biki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita a bukukuwa a Kaduna. Amfilifayata mai wat 100 ce, nauyinta ya ishe ni, a gida kuma maƙwabta sun fara ƙorafi. Ina son ƙarama, amma ina tsoron ganga ta danne ni in ji kunya a bainar jama'a. Sannan wani mai gyara ya ce in na ji ƙugi a lasifika in karya ƙafa ta uku ta filogi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Tsakanin wat 100 da wat 50 desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 ne kacal, kuma sai an ninka wat sau 10 kafin kunne ya ji ƙara ta ninka. Amfilifayar Fender Blues Junior, mai bawul (kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo), wat 15 ce da lasifika inci 12, tana riƙe ƙaramin zaure. In kana son sauti tas a fili, Boss Katana mai wat 50 ta fi maka, tana da maɓallin da ke sauke ta zuwa rabin wat don atisayen dare. Ɗora ta kan kujera ta fuskanci kunnenka, ka sa makirufo irin Shure SM57 a bakinta, manyan lasifikokin taro su yi sauran aikin. Wat dubu-dubu da ake rubutawa a kwali da PMPO (ƙarfin da bai wuce ƙiftawar ido ba) kuwa, talla ce. RMS za ka duba, wato ƙarfin da take iya ci gaba da bayarwa.

Maganar mai gyaran nan ce ta tayar mini da hankali, don kullum sai na ga filogi mai ƙafa biyu da guntun ta uku. Wallahi wannan ganganci ne da rai. Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya ta wayar da ka jona. Ƙafar nan ta uku ita ce hanyar da wuta za ta bi zuwa ƙasa in wata waya ta kwance a ciki, fis ya ƙone, ka tsira. In ka karya ta, bolt 230 zai zauna a jikin ƙarfen yana jira. Hannunka da gumi a kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirufo, kai ka zama hanyar. Leslie Harvey, wani makaɗin jita, ya mutu a kan dandali a garin Swansea na Birtaniya a 1972 bayan ya taɓa makirufon da wuta ta shiga. Keith Relf, wani mawaƙin Birtaniya, kuma a gidansa wuta ta kashe shi a 1976 yana kaɗa jita.

Abin haushin shi ne ƙugin yakan ɗauke da gaske, sai mai gyara ya karɓi kuɗinsa yana taƙama. Ranar tsautsayi ba ya wurin. Maganin ƙugi shi ne ka jona amfilifaya da mikisa (na'urar haɗa sautuka) a soket ɗaya, ka canza waya mara kyau, ka yi nesa da janareta. In ya ƙi, akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin kayan kiɗa da mikisa, na da maɓallin da ke yanke ƙasa a layin sauti kaɗai, bai taɓa na wuta ba. Ka riƙa yawo da RCD (na'urar da ke yanke wuta nan take in ta zurare) mai miliyamf 30, kuma da ka ji ɗan tsikari a leɓe, ajiye jitar nan take.

In ta hannu za ka saya, juya bayanta ka karanta. Kayan Amurka bolt 120 ne, ba taransfoma ba jonawa.