Tazarar da ta dace tsakanin layukan shingil a rufin kwalta

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina gini a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, kuma na sayi shingil na kwalta. Kafintana ya ce mu bar inci 7 na kowane falle a waje maimakon inci 5, don kayan su isa. Ko akwai illa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai illa babba, kuma shawarata kada ka yarda. Ina magana ne a kan shingil mai laushi, wanda aka yi da zaren gilashi da kwalta aka barbaɗa masa tsakuwa, domin kwano mai tsakuwa da 'yan kasuwa ke kira da sunan nan ƙa'idarsa daban ce.

Falle mai harshe uku, wato wanda aka tsaga bakinsa na ƙasa gida uku, wanda faɗinsa inci 12 ne tsawonsa inci 36, an ƙera shi ne don a bar inci 5 a waje. Da wannan awo, kusan ko'ina a rufin ninki biyu ne, sannan layi na uku ya hau kan na farko da inci 2, kuma waɗannan inci biyu su ke tare ruwan da ya bi ta tsaga ko ta mahaɗar fallaye. Idan fallenka mai faɗin inci 13¼ ne, tazarar takan zama inci 5⅝, wato milimita 143, kuma za ka ga awon a jikin takardar ƙunshin.

Idan aka buɗa zuwa inci 7, ninkin nan ya tafi, mahaɗar fallaye ta buɗe kai tsaye kan shimfiɗar hana ruwa da ke ƙasa. A falle mai faɗin inci 12, wurin ƙusa yana wajen inci 5⅝ daga bakin falle, don haka kanta zai fito fili yana shan ruwa, kuma ba za ta ƙara kama saman fallen da ke ƙarƙashi ba, alhali an tsara kowace ƙusa ta riƙe layi biyu. Zanen kwaltar da zafin rana ke narkarwa ya manne layukan shi ma zai kauce daga inda ya kamata ya kama. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye kwano a Katsina ya san abin da zai biyo baya. Na taɓa hawa wani rufi da aka yi wa irin wannan tsimi, na sa yatsa biyu na ɗaga falle kamar shafin littafi, falankin da ke ƙasa ya yi baƙi ya kumbura.

Ka sa kafinta ya shimfiɗa falanki cikakke, domin shingil ba ya zama a kan sandunan katako kamar kwano, ya rufe shi da shimfiɗar hana ruwa, ya fara da layin tushe a baki, ya riƙa buga igiyar alli don kada layi ya karkace. Mahaɗar kowane layi ta goce wa ta ƙasa da kamar inci 6. Ƙusa huɗu ce ƙa'ida, amma a iskarmu shida nake sawa, marasa tsatsa, a buga su daidai da fuskar falle ba tare da sun nutse ba. Idan gangarar rufin ba ta kai 4 cikin 12 ba, wato tashin inci 4 a kowane inci 12 na kwance, a ninka shimfiɗar ƙasa, idan kuwa ta gaza 2 cikin 12, shingil bai dace ba sam.

Ka kuma kula da lokacin aiki. Ƙurar hunturu tana rufe zanen kwalta ta hana shi kamawa, sai an bi kowane harshe da ɗigon gam na rufi, a bazara kuma a hau da sassafe, domin da rana tsaka takalmi yana goge tsakuwar.